Gidan tsofaffi na addini a Ostireliya: abin da ake biya da abin da ake samu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi bayani a kan wani lamari da ke rikita iyalai masu dattijo a Ostireliya, wato kuɗin zama a gidan kula da tsofaffi wanda wata ƙungiyar addini ke gudanarwa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda coci ko masallaci ne ya gina gidan, to zaman sadaka ne, ko dai za a yi musu rangwame. Ba haka abin yake ba. Duk gidan da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya, na Katolika ne, na Yahudawa ne, na Musulmi ne ko na ɗan kasuwa, doka ɗaya ce ke tsara abin da zai karɓa daga hannun mazauni. Addinin gidan yana bayyana ne a kicin, da wurin ibada, da wanda zai yi wa dattijo wanka, da abin da za a yi ranar da rai ya yi halinsa. Takardar kuɗi kuwa kusan iri ɗaya ce a ko'ina.

Ƙungiyoyin addini sun daɗe a wannan hidima. 'Yan zuhudun Katolika na Little Sisters of the Poor, waɗanda Jeanne Jugan ta kafa a Faransa a 1839, sun isa Melbon tun 1884. A yau akwai Anglicare, da Uniting, da BaptistCare, da Catholic Healthcare, da Salvation Army, da Jewish Care, Musulmi kuma suna da Gallipoli Home a unguwar Auburn ta Sidni, daf da babban masallacin unguwar. Fiye da rabin gadajen gidajen tsofaffi na ƙasar suna hannun ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba. A da gidajen kashi biyu ne: hostal na tsofaffin da ke iya tafiya da ƙafarsu, taimako kaɗan suke buƙata, da kuma gidan jinya na waɗanda jiki ya ƙi. Dokar 1997 ta haɗe su ƙarƙashin tsari ɗaya, daga 1 ga Yuli 2014 kuma aka soke bambancin a takarda gaba ɗaya. Amma doka ba ta rushe gini ba. Har yanzu akwai gidajen da aka gina don masu ɗan ƙarfi, ƙofar banɗaki ba ta cin keken guragu da kyau, babu wurin juya na'urar ɗaga mara lafiya, babu ɓangare mai tsaro na masu ciwon mantuwa. Dattijon da ya shiga yana dogara sanda zai iya zama kwance bayan shekara biyu, don haka tun ranar zagayen farko a tambayi manaja ƙarara ko gidan zai iya riƙe shi idan abin ya kai haka.

A kuma kula, wasu coci-coci suna da rukunin gidajen 'yan ritaya a fili ɗaya da gidan kulawar. Waɗancan dokar jiha ce ke tafiyar da su, babu tallafin jinya a cikinsu, ana yanke kuɗi mai tsoka ranar fita, kuma zama a cikinsu ba ya ba mutum tabbacin samun gado a gidan kulawa na kusa.

Matakin farko shi ne a kira My Aged Care, ofishin gwamnati na hidimar tsofaffi, a lamba 1800 200 422 a nemi a zo a tantance dattijon. Kyauta ne, galibi ga wanda ya kai shekara 65, kuma ana iya neman tafinta. Sai da takardar amincewa daga wannan tantancewa gwamnati ke biyan kasonta. Mataki na biyu shi ne ƙididdigar kuɗin shiga da dukiya a Services Australia, hukumar da ke biyan fansho da tallafin gwamnati, da fom mai lamba SA457 ga wanda ba ya karɓar fansho. Wasiƙar sakamako tana aiki kwana 120. Nan ne kuskure na farko ke faruwa: wasu iyalai suna ƙin cike fom ɗin don ba sa son gwamnati ta san abin da suka mallaka. Doka ba ta tilasta ba, amma wanda bai bayyana dukiyarsa ba ana lissafa masa kuɗi mafi tsada, kamar attajiri. Gida ko fili ko asusun banki da ke wata ƙasa shi ma yana cikin lissafi. Ma'aurata kuwa ana haɗa dukiyarsu a raba biyu, ko da sunan mutum ɗaya ne a kan takardun.

Kuɗin da kowa ke biya, mai shi da mara shi, shi ne na hidimar yau da kullum. An ɗaure shi a kan kashi 85 cikin 100 na ainihin fanshon tsufa na mutum ɗaya, yana ƙaruwa sau biyu a shekara, ranar 20 ga Maris da 20 ga Satumba. A farkon 2025 ya ɗan haura dalar Ostireliya 63 a rana, wato sama da dala 23,000 a shekara. A cikinsa akwai abinci sau uku da abin taɓawa, wanki, shara, zanen gado, wuta, ɗumama ɗaki da sanyaya shi, sabulu da man goge baki. Wanda fansho kaɗai ya dogara da shi, abin da ya saura masa a lokacin wajen dala 11 ne a rana, sai ɗan ƙarin da gwamnati ke ɗorawa a kan fansho. Daga wannan ragowar zai sayi magani, wanda mai katin rangwame ke biyan dala 7.70 a kan kowace takardar likita a 2025, ya sayi sutura, ya biya aski ko gyaran gashi, kuɗin waya, tabarau, likitan haƙori, da motar zuwa asibiti. Idan babu ɗan'uwan da zai raka shi ganin likita, wasu gidaje suna cajin awa-awa a kan ma'aikacin da ya yi rakiyar. Dattijon da ke shan magani takwas ko tara ba ya jimawa ragowar ta ƙare.

Akwai wani rukuni da ake mantawa da shi. Fanshon tsufa a Ostireliya sai wanda ya kai shekara 67, kuma galibi ya zauna a ƙasar shekara 10. Iyayen da 'ya'yansu suka ɗauko su daga wata ƙasa da girmansu suna iya rasa fanshon, amma kuɗin yau da kullum yana nan a kansu, daga aljihun 'ya'ya zai fito. Akwai tallafin masu ƙunci da ake nema da fom SA462, sai dai ana bin diddigin dukiya sosai kafin a bayar.

Babban nauyi shi ne kuɗin ɗaki. Sakamakon ƙididdiga yana jefa mutum cikin ɗayan uku: gwamnati ta biya masa duka, ko ta biya wani kaso ya cika, ko ya biya farashin da suka daidaita da gidan. Kowane gida dole ya wallafa farashin ɗakunansa a shafin My Aged Care, kuma abin da aka wallafa shi ne iyaka, ana iya yin ciniki ƙasa da shi, musamman idan ɗakin ya daɗe babu kowa. Iyalai da yawa suna jin kunyar taya ɗaki a gidan addini. Babu abin kunya a ciki, manajan ya saba. Daga 1 ga Janairu 2025 gida ba zai sa farashin da ya wuce dala 750,000 ba sai da izinin hukumar farashi, a da iyakar dala 550,000 ce, kuma ana ɗan ɗaga ta kowace shekara.

Hanyoyin biya uku ne. Ko a ajiye kuɗin dunƙule, wanda a takardunsu ake rubutawa RAD, ko a riƙa biya kullum, wato DAP, ko a haɗa biyun. Lissafin na kullum ba wuya: a ɗauki farashin ɗakin, a ninka da kason ruwan da gwamnati ke sanarwa duk wata uku, a raba da 365. Wannan kaso ya haura 8 cikin 100 a duk tsawon 2024. Mu ɗauki misalin ɗakin dala 500,000 a kan kashi 8. A shekara dala 40,000 ke nan, a rana dala 109.59. A haɗa da kuɗin hidimar yau da kullum, an wuce dala 63,000 a shekara tun ba a zo kan kuɗin da ke bin dukiya ba. Idan aka ajiye dala 200,000, sauran 300,000 ne za a lissafa, ya koma dala 65.75 a rana. Gida ba shi da ikon tilasta wa mutum ya zaɓi hanyar biya kafin ya shiga, kuma kafin a ajiye kuɗin dunƙule, na kullum ne ke tafiya.

Ana iya ce wa gidan ya riƙa cire na kullum daga cikin abin da aka ajiye. Wannan yana sauƙaƙa wa wanda ba shi da kuɗin shiga, amma ajiyar tana raguwa, kuma gwargwadon raguwarta gwargwadon yadda gidan zai iya ƙara kuɗin kullum don cike giɓin. Magada da ba su san da wannan tsari ba su ne ke zuwa daga baya suna cewa an ci musu kuɗi.

Sabuwar dokar kula da tsofaffi ta 2024, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 2025, ta sauya abubuwa biyu a kuɗin ɗaki ga masu shiga daga wannan rana. A da kuɗin ajiya yana dawowa cif idan ba a cire komai ba. Yanzu gidan yana riƙe kashi 2 cikin 100 a shekara har tsawon shekara biyar. A kan dala 500,000, shekarar farko kusan 10,000 ke nan, a shekara biyar abin ya doshi 50,000. Na biyu, kuɗin ɗaki na kullum yana ƙaruwa sau biyu a shekara bisa tsadar kaya. Waɗanda suka riga suka shiga kafin ranar suna nan a kan tsohon tsari, shi ya sa maƙwabta biyu a baranda ɗaya za su iya samun takardun kuɗi mabambanta, kuma shawarar wanda ya kai mahaifiyarsa a 2022 ba lallai ta yi aiki a yau ba.

Wasu Musulmi suna tambaya ko kuɗin kullum riba ne, tunda da kason ruwa ake lissafa shi. A takarda dai kuɗin zama a ɗaki ne, ba bashi aka ci ba, amma hukuncin na malamai ne, kuma gara a kai musu takardar yarjejeniyar su gani da idonsu maimakon a ba su labari da baki. A haɗa da tambaya a kan ruwan da doka ta sa gidan ya ɗora a kan ajiya daga rasuwar mazauni zuwa ranar da aka mayar da kuɗin.

Batun mayar da ajiya yana buƙatar a tsaya a kansa, don nan zumunci ke lalacewa. Idan mazauni ya rasu, gidan zai mayar da kuɗin cikin kwana 14 bayan an nuna masa takardar kotu da ke tabbatar da wasiyya ko mai kula da gadon, kuma samun wannan takarda kan ɗauki makonni ko watanni. Kada a sa ran biyan kuɗin jana'iza daga ciki. Kuɗin kuma cikin dukiyar mamaci yake komawa, ba hannun wanda ya biya ba. Idan ɗa ɗaya ya ciro dala 300,000 daga aljihunsa ya ajiye wa mahaifinsa, gwamnati za ta lissafa kuɗin a matsayin dukiyar mahaifin, abin da zai iya ƙara masa caji, bayan rasuwa kuma a raba shi tsakanin dukan magada, sai fa idan akwai rubutacciyar yarjejeniyar bashi da lauya ya tsara tun farko. Abin da ke da daɗin ji shi ne, tun 2006 gwamnati ta lamunce wannan ajiya, idan ƙungiyar ta karye ita za ta biya.

Sai kuɗin da ke bin ƙarfin aljihu. A sabon tsari gwamnati ta ɗauki nauyin jinya zalla, wato aikin nas, kula da rauni, ba da magani da makamantansu. Mai hali kuwa yana ba da gudummawa kashi biyu: ɗaya ta ƙarin kuɗin abinci da wanki da shara, ɗaya ta taimakon da ba na asibiti ba, kamar wanka, sa tufafi da motsa jiki. Ta biyun tana iya ɗan haura dala 100 a rana ga mai dukiya sosai, amma tana tsayawa bayan shekara huɗu, ko idan jimillar ta kai iyakar da aka sanar a kan dala 130,000 wadda ake ɗagawa lokaci-lokaci, duk wanda ya riga zuwa. Bayan wannan akwai kuɗin ƙarin jin daɗi, kamar tashoshin talabijin na biya ko zaɓin abinci na musamman. Wannan ganin dama ne, kuma ba a yarda a mayar da shi sharaɗin samun gado ba. A karanta jerin abin da ke ciki. Babu ma'ana dattijuwar da ba ta shan giya a riƙa cire mata kuɗin kunshin da giyar cin abinci ke cikinsa, ko wanda ido ya tafi a caje shi kuɗin jarida.

Tambayar da ta fi kowacce wuya ita ce ko a sayar da gidan dattijon. Idan matarsa ko mijinta na zaune a ciki, ko yaron da ke ƙarƙashin kulawarsa, ba a lissafa gidan ko kaɗan. Haka ma mai jinyar da ya zauna a ciki shekara biyu, ko ɗan'uwa na kusa da ya yi shekara biyar, muddin sun cancanci tallafin gwamnati. Idan babu irin waɗannan, ana lissafa gidan amma da iyaka, ɗan abin da ya haura dala 200,000 ko da ya kai miliyan. Da zarar an sayar, iyakar ta faɗi: gidan dala 900,000 ya zama tsabar 900,000 a lissafin kulawa, ko yana banki ko an ajiye shi a matsayin kuɗin ɗaki. Ta ɓangaren fansho kuma lissafin ya juya. Kuɗin ajiyar ɗaki ba ya shiga ƙididdigar fansho, amma gidan da aka bari yana da sassaucin shekara biyu ne kawai, bayan nan a lissafa shi da cikakkiyar darajarsa, fanshon ya ragu ko ya tsaya. Kuɗin haya ma ana lissafa shi. Babu amsa ɗaya da ta dace da kowa, kuma a ganinmu wannan ne wuri ɗaya da biyan ƙwararren mai ba da shawara kan kuɗin kula da tsofaffi ya cancanci kuɗinsa. Masu dabarar raba dukiya ga 'ya'ya kafin a cike fom su sani cewa kyautar da aka yarda da ita dala 10,000 ce a shekara, kada ta wuce 30,000 a shekara biyar. Abin da ya haura ana ci gaba da lissafa shi har shekara biyar kamar yana hannun mai shi. Sadaka mai yawa ga masallaci ko coci ita ma kyauta ce a wannan lissafi.

To, idan kuɗin ɗaya ne, me ake nema a gidan addini? Galibinsu suna karɓar kowa ba tare da duba addininsa ba, ba a tilasta wa kowa halartar ibada, kuma sabuwar dokar ta rubuta haƙƙin mazauni na a mutunta al'adarsa da imaninsa a kowane gida. Bambancin yana wajen aiwatarwa, kuma allon da ke ƙofar gida ba ya nuna shi. A shiga kicin a tambayi kuku. Wasu gidaje a nan suke girki, wasu kuma daga babban kicin na wani wuri ake kawo abincin a sanyaye a ɗumama, to a irin wannan alƙawarin manaja na halal ko kosha, wato abincin da ya halatta ga Yahudawa, bai wuce abin da ɗan kwangila ya aiko ba. A tambayi inda ake sayen nama, ko akwai katako da wuƙa da tukunya na daban, da abin da ke cikin kayan zaƙi, don jelatin na alade yana ɓuya a nan. Abin da aka fi mantawa shi ne abincin masu wahalar haɗiya. Ranar da likita ya ce a koma niƙaƙƙen abinci, sau da yawa a shirye ake sayo shi daga wani kamfani, kuma ba kowa ke duba ko ya dace da addinin mai ci ba. Gwamnati ta ƙara dala 10 a rana a kan kowane mazauni daga Yuli 2021 don inganta abinci da hidima, bayan babban kwamitin bincike kan kula da tsofaffi da aka kafa a 2018 ya miƙa rahotonsa mai shawarwari 148 a 2021, don haka iyali na da hujjar tambayar nawa ake kashewa a kan abincin mutum ɗaya a rana.

Azumi ma yana son shiri. Abincin dare a gidajen nan da wuri ake ba da shi, wajen ƙarfe biyar, kicin ya rufe, ga zagayen magani da aka tsara da safe da rana. Mai son yin azumi, idan likita ya yarda, sai an rubuta a tsarin kulawarsa wanda zai ajiye masa abincin buɗa-baki da sahur, da yadda za a sauya lokutan magani, musamman mai ciwon sukari. A duba banɗaki ko akwai wurin zama a yi alwala ba tare da santsi ba, da tiyo ko buta, a duba ko gado zai juyu ya fuskanci alƙibla. Ga Kirista, a tambayi sau nawa fada ko fasto ke zuwa, ko ana kai jibin Ubangiji ɗaki ga wanda ba ya iya tashi, da wanda ake kira idan ciwo ya tsananta da tsakar dare.

Maganar mace ta yi wa mace wanka, namiji ya yi wa namiji, kowane gida zai ce yana ƙoƙari. Abin tambaya shi ne mutum nawa ke aikin dare a wannan ɓangare, kuma me ake yi idan babu jinsin da ake so. Tun 1 ga Yuli 2023 dole a sami cikakkiyar nas a gida dare da rana, kuma daga Oktoba 2024 ma'aunin ƙasa shi ne minti 215 na kulawa ga kowane mazauni a rana, 44 daga ciki na nas. Wannan matsakaici ne, ba alƙawari ga mutum ɗaya ba, amma ana iya ganin ko gida yana cika nasa ma'aunin a tsarin taurari ɗaya zuwa biyar da aka fara wallafawa a Disamba 2022. Mai ciwon mantuwa kuma yakan koma harshensa na farko ya bar Turanci, don haka a rubuta wa ma'aikata kalmomin ruwa, ciwo, banɗaki da salla a manna a bango.

Kafin a yanke shawara akwai hanyar gwaji. Wanda aka amince masa yana da kwana 63 a shekara na zaman wucin gadi, kuɗin hidimar yau da kullum kawai zai biya, babu kuɗin ɗaki. Mako biyu sun isa a ga abincin ranar Lahadi da yawan ma'aikatan dare. Bayan an tare kuma, mazauni yana da dare 52 a shekarar kuɗi, daga Yuli zuwa Yuni, da zai iya kwana a waje, kwanan asibiti kuwa ba shi da iyaka, amma a duka biyun kuɗinsa na ci gaba da tafiya. Mai niyyar Umara ko yin watan azumi wajen 'ya'ya ya ƙirga darensa, don idan ya wuce 52 tallafin gwamnati yana tsayawa, gidan kuma zai iya neman ya cike.

Yarjejeniyar zama ita ce abin riƙewa. A karɓe ta a tafi da ita gida, kada a sa hannu a ofis ranar da asibiti ke matsa wa iyali su kwashe mara lafiya. A tabbatar an rubuta lambar ɗakin da farashinsa, don ba a canja wa mutum ɗaki sai da yardarsa ko bisa larurar jinya ko gyara. Ɗa ko 'yar da za ta sa hannu a madadin mahaifi ta duba ko a matsayin wakiliya take sa hannu ko a matsayin mai tsaya masa, don na biyun yana nufin idan bashi ya taru ita za a bi. Takardar wakilci kuma tun dattijo na cikin hankalinsa ake yin ta, in ba haka ba sai an je kotun jiha kafin a taɓa asusunsa. Ba a korar mazauni sai da dalilan da doka ta lissafa, ciki har da ƙin biyan kuɗi na kwana 42 alhali yana da iko, kuma sai da sanarwar kwana 14 a rubuce da samun wani wurin da ya dace.

A rubuta abin da ake so a yi ranar rasuwa tun yanzu, a saka a fayil: wanda za a kira, ƙungiyar jana'izar da za ta ɗauki gawa, wanda aka yarda ya taɓa ta, da buƙatar likita ya sa hannu da wuri don a yi sutura a kan lokaci. Idan rasuwar ta biyo bayan faɗuwa ko wani abin da ba a zata ba, ana iya miƙa ta ga jami'in binciken musabbabin mutuwa, a nan kuwa jinkiri ba a hannun gidan yake ba. Kuɗin jana'iza ba ya cikin ko ɗaya daga kuɗaɗen da muka lissafa. A tambayi kwana nawa ake ba iyali su kwashe kaya daga ɗaki.

Takardar kuɗin wata-wata a riƙa gwada ta da wasiƙar Services Australia, musamman bayan Maris da Satumba, kuma a sanar da hukumar da zarar an sayar da gida ko abokin zama ya rasu, don lissafin yana sauyawa, jinkiri kuma yana tara bashi. Idan an ga cajin da ba a gane ba, a fara da manaja a rubuce. Idan bai warware ba, ƙungiyar OPAN tana tsaya wa tsofaffi kyauta a lamba 1800 700 600, hukumar Aged Care Quality and Safety Commission kuma tana karɓar ƙorafi ko da mai shi bai faɗi sunansa ba.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Wasu masu karanta jaridarku